Janos Gonda: Makaɗin Da Ya Sama Wa Jaz Gurbi A Makaranta

A cikin watan Yuni na shekarar 1965, babban filin wasanni na birnin Budapest, hedkwatar ƙasar Hangare, ya cika ya batse da jama'a, ba kuwa ƙwallo aka zo kallo ba. Dubban mutane ne suka taru domin su ga Louis Armstrong, shahararren mabushin nan baƙar fata na Amurka, wanda shekara biyar kafin wannan rana ya zaga ƙasashen Afirka, har ya sauka Kaduna ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Duk wanda ya san halin da birnin yake ciki shekara goma sha biyar kafin nan, dole ya riƙe baki, gama a wancan zamani hukumar ƙasar tana ɗaukar kiɗan da Armstrong ya zo da shi, watau jaz, tamkar wata guba ta 'yan jari-hujja, wadda ba ta da wurin zama a ƙasar 'yan gurguzu.

Armstrong ya yi busarsa, aka yi masa tafi, ya tattara kayansa ya wuce. Amma a cikin wannan shekara an yi waɗansu abubuwa biyu a Budapest, ba ganga ba shela, waɗanda amfaninsu ya fi na wancan taro daɗewa. Na farko, an buga wani littafi da harshen ƙasar a kan tarihin jaz da ƙa'idodinsa da yadda ake kaɗa shi. Na biyu, an buɗe sashen koyar da jaz a makarantar kiɗa ta gwamnati mai sunan Bela Bartok. Mutum guda ne ya rubuta littafin, shi ne kuma ya kafa sashen, ya shugabance shi fiye da shekara talatin. Sunansa Janos Gonda, makaɗin fiyano, wanda ya rasu ran 10 ga Maris 2021 yana da shekara 89. Labarinsa ya ƙunshi wata tambaya da ta shafi masu kowace irin sana'a ta hannu: shin abin da ake koyo da kunne, a bakin aiki, yana yiwuwa a kai shi aji ba tare da an kashe masa rai ba?

Ɗan Budapest

An haifi Gonda a Budapest ran 11 ga Janairu 1932. A al'adar mutanen Hangare sunan gida ake fara faɗa, saboda haka a can Gonda Janos ake ce masa, Janos ɗin kuwa ana furta shi kamar "Yanosh". Ƙasar tasu ƙarama ce a tsakiyar Turai, ba ta da gaɓar teku, mutanenta ba su cika miliyan 10 ba, amma a fagen kiɗa ta tsere wa ƙasashe da dama da suka fi ta girma. Gonda yana ɗan shekara 12 aka yi wa birnin haihuwarsa ƙawanya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga Disamba 1944 zuwa Fabrairu 1945, sojojin Jamus a ciki, na Rasha a waje, har gadojin kogin Danube duka suka faɗa ruwa. Shi da tsararsa a cikin kangon da yaƙi ya bari suka yi samartaka. Daga baya ya shiga Babbar Makarantar Kiɗa ta Liszt, wadda aka kafa tun 1875, ya fito da shahada biyu: ta farko a kan ilmin binciken kiɗa da tarihinsa, ta biyu a kan kaɗa fiyano. Wannan haɗi shi ya zama jarinsa har ƙarshen ransa, domin yana iya zama ya kaɗa, yana kuma iya miƙewa ya bayyana wa manyan malamai abin da ya kaɗa, da irin harshen da suke ganin girmansa.

Makarantar da ya shiga kuwa tana ƙarƙashin inuwar mutum biyu, Bela Bartok da Zoltan Kodaly. Tun wajen 1906 waɗannan biyu suka riƙa bin ƙauyuka da akwatin ɗaukar murya mai naɗe sauti a jikin kakin zuma, suna sa tsofaffi da makiyaya da 'yan mata su rera musu waƙoƙin gargajiya, su kuma suna rubutawa. Bartok har ya kai garin Biskra na ƙasar Aljeriya a 1913, ya ɗauko waƙoƙin Larabawan karkara. Dubban waƙoƙi suka tara, suka nuna wa duniya cewa abin da mutumin ƙauye yake rerawa yana da tsari da ƙa'ida, ya kuma cancanci a yi nazarinsa a makaranta. Shi dai wannan Bartok, a 1938 ya tsara wani kiɗa mai suna Contrasts saboda Benny Goodman, ɗaya daga cikin manyan mabusan jaz na Amurka. Ashe ke nan ƙofar da Gonda zai bi an riga an sassauta mata sakata. In har waƙar makiyayi ta sami shiga makaranta, me zai hana kiɗan jikokin bayi?

Kiɗan da ba a rubuta shi

Jaz ya tashi ne a birnin New Orleans na kudancin Amurka wajen farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka aka kai bauta. Daga Afirka ya gaji bugun kiɗa mai hawa bisa hawa, da salon nan na jagora ya ba da waƙa 'yan amshi su karɓa, da lanƙwasa sauti kamar yadda muryar ɗan Adam take yi. Daga Turai kuwa ya aro kayan busa irin na 'yan badujala, da fiyano, da ilmin haɗa sautuka da yawa su tashi tare ba tare da sun yi karo ba. A 1917 aka fara ɗaukarsa a faifan garmaho, kafin shekara goma kuma ya ƙetare teku, har gidajen rawa na Budapest suka san shi tun kafin yaƙi.

Babban abin da ya raba shi da kiɗan manyan zauruka na Turai shi ne takarda. A can, mai tsara kiɗa yakan rubuta kowane sauti, aikin makaɗi kuwa ya karanta ya kaɗa, kada ya ƙara kada ya rage. A jaz ba haka abin yake ba. Makaɗa sukan fara da wani ɗan kari sananne, galibi mai gaɓa 12 ko 32. In sun kai ƙarshensa sai su komo farko, amma a wannan karon ba a maimaita karin. Ginshiƙan sautin da suke ɗauke da shi su kaɗai za su yi ta zagayowa, ɗaya daga cikin makaɗan kuma ya ƙaga sabon kari a kansu nan take, wanda bai taɓa kaɗawa ba, ba zai kuma sake kaɗa shi daidai haka ba. In ya gama faɗin tasa, sai ya miƙa wa na kusa da shi. Mai fiyano, da maɓallai 88 a gabansa, hannun hagu yana riƙe da ginshiƙan, na dama yana ƙago kari, kunnensa kuma yana wurin mai ganga da mai jibgegen gogen nan da ake kaɗawa a tsaye. Abin ya fi kama da hirar dattawa: kowa ya san harshen da ake yi da shi, kowa ya san zancen da aka ɗauko, amma babu wanda ya zo da jawabinsa a rubuce.

Irin wannan kiɗa bai yi wa masu mulkin Hangare daɗi ba, bayan da jam'iyyar kwaminis ta kama ragama gaba ɗaya a 1949 a ƙarƙashin Matyas Rakosi. Laifinsa na fili shi ne daga Amurka ya fito, Amurka kuwa ita ce abokiyar gaba. Amma akwai wani laifin da ya fi wannan zurfi. Ma'aikacin tace littattafai yana iya karanta littafi kafin a buga shi, ya soke abin da bai gamshe shi ba. To, yaya zai tace abin da shi kansa makaɗin bai san zai kaɗa ba sai ya kaɗa? Gidan rediyo da kamfanin faifai duk sun zama na gwamnati, aka rufe wa jaz ƙofa a can, ya koma laɓewa a gidajen shaƙatawa da sunan kiɗan rawa. Samari kuwa suka koma wa akwatin rediyo mai gajeren zango, suna sauraron shirin jaz da Willis Conover ya fara gabatarwa a Muryar Amurka tun 1955, suna kwaikwayon abin da kunne ya iya tsinta daga cikin ƙarar iska.

Ran 23 ga Oktoba 1956 mutanen Budapest suka yi wa gwamnati bore. Ran 4 ga Nuwamba tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyat suka shigo suka murƙushe shi, mutane wajen 200,000 suka tsallaka iyaka. A cikinsu har da wani saurayi makaɗin jita, Gabor Szabo, wanda ya je ya yi karatu a makarantar Berklee ta birnin Boston, ya yi suna a Amurka. Wani gwanin jitar, Attila Zoller, tun 1948 ya riga shi fita. Gonda yana cikin waɗanda suka zauna gida, aikin da ya rage musu kuwa shi ne neman yadda za su yi wannan kiɗa a ƙasar da ba ta maraba da shi.

Sabon shugaba, Janos Kadar, bayan ya gama hukunta 'yan bore, sai ya ga ya fi masa sauƙi ya sassauta igiya kaɗan. Mutumin da ya riƙe masa harkokin al'adu, Gyorgy Aczel, ya shahara da kasa kowane aikin fasaha gida uku: wanda gwamnati take tallafa wa, wanda take kau da kai gare shi, da wanda ta haramta. A farkon shekarun 1960 jaz ya matsa daga gida na uku zuwa na biyu. A 1962 aka buɗe kulob na matasa masu son jaz a wani gidan shan gahawa mai suna Dalia, a wannan shekara kuma Gonda ya kafa ƙungiyarsa mai sunan Qualiton, watau sunan da kamfanin faifai na gwamnati yake bugawa a jikin fayafayansa. Kiɗansu yana cikin fayafayan jaz na zamani na farko da aka yi a ƙasar. A 1964 masanin kiɗa Andras Pernye ya fitar da littafi a kan jaz, a shekarar da ta biyo na Gonda ya fito.

Daga gidan rawa zuwa aji

Kau da kai da gwamnati ta yi wata dama ce, amma Gonda ya san cewa abin da aka kau da kai gare shi yau, ana iya waiwayo shi gobe. Abin da yake da aji da malamai masu albashi da jarrabawa da shahada, shi ne yake da wuyar tumɓukewa. Daɗin daɗawa, a Hangare ta wancan lokaci hukuma ce take ba makaɗi takardar izinin aiki, saboda haka shahada hanyar cin abinci ce. Sashen da ya buɗe a 1965 yana cikin na farko-farko a Turai baki ɗaya. A wannan shekarar ne birnin Graz na ƙasar Ostiriya ya kafa nasa, ita kanta Berklee ta Amurka shekara ashirin kaɗai ta ba shi. Komai daga tushe aka fara. Babu malami mai shahadar jaz, tun da babu inda ake ba da ita, tilas makaɗan da suke aiki da dare su zama malaman rana. Littattafan koyarwa da harshen ƙasar kuwa sai waɗanda aka zauna aka rubuta, na Gonda a kan gaba, wanda ya sake faɗaɗa shi aka buga a 1979.

Ko'ina aka kai jaz makaranta, suka ta fuska biyu take zuwa. Malaman tsohon tsari sukan ce wannan kiɗan gidan rawa ne, bai kai matsayin zama kusa da Bach da Beethoven ba. Tsofaffin makaɗan jaz kuwa sukan ce abin a jini yake, wanda bai zo da shi ba, allo da alli ba za su ba shi ba. Ilmin tarihin da Gonda ya yi yana da amsa ga ɓangare na farko. Bach da Mozart da Beethoven duk gwanayen ƙaga kiɗa nan take ne a gaban jama'a, shi kansa Ferenc Liszt, wanda babbar makarantar take ɗauke da sunansa, yakan karɓi kari daga 'yan kallo ya gina kiɗa a kansa a take. Daga baya ne makarantun Turai suka bar wannan fasaha ta shuɗe, har aka wayi gari ɗalibi yana iya kaɗa shafi ɗari da ka, amma in aka ɗauke takarda aka ce ya faɗi nasa, sai hannunsa ya tsaya cik. In an duba ta wannan fuska, jaz ya komo wa makaranta da kayanta ne da ta yar a hanya.

Amsar ɓangare na biyu ita ce aikin da ya ci ransa duka. Gaskiya ne ba mai iya koya wa mutum abin da zai faɗa gobe a cikin hira, amma ana koya masa harshe. Ɗalibin jaz yakan horar da kunnensa har ya gane haɗin sautuka da jin farko. Yakan ɗauki kari guda ya juya shi a kan dukan matakan sauti 12, har yatsunsa su daina tambayar hanya. Yakan zauna da faifan wani gwani ya bi shi sauti bayan sauti, kamar yadda yaro yake kwaikwayon maganar manya kafin ya sami tasa. Bayan duk wannan sai a haɗa shi da 'yan'uwansa su yi kiɗa tare, inda zai koyi abin da ya fi kowanne wuya, watau yin shiru ya saurari wani. Makaranta ba ta ƙera baiwa, amma tana rage wa mai baiwa shekarun lalube a cikin duhu.

Akwai wani abin da ya taimaki sashen wanda ƙasashe kaɗan suke da irinsa. A Hangare akwai al'ummar Roma, waɗanda kakanninsu suka taso daga arewacin Indiya ɗaruruwan shekaru da suka wuce, a cikinsu kuma akwai gidajen da kiɗa gado ne, ɗa ya karɓa daga uba, da kunne. Daga irin waɗannan gidaje manyan makaɗan jaz na ƙasar da dama suka fito. Aladar Pege, gwanin babban goge, da Bela Szakcsi Lakatos, gwanin fiyano, sun je bikin jaz na Montreux a ƙasar Suwizalan a 1970 sun komo da lambar yabo. Pege ya kai har matar marigayi Charles Mingus ta ba shi ɗaya daga cikin gogunan mijinta. Szakcsi kuwa, wanda aka haifa a 1943 ya rasu a 2022, ya yi shekaru yana koyar da fiyano a sashen Gonda, kafin daga baya kamfanin GRP na Amurka ya fara buga fayafayansa a 1988. Ta haka gado da takarda suka zauna a ɗaki guda, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa.

Abin da ya kaɗa da hannunsa

Aikin makaranta bai raba Gonda da fiyano ba. Shi ya tsara kiɗan fim ɗin nan mai suna Apa, watau "Uba", wanda Istvan Szabo ya shirya a 1966, labarin yaron da mahaifinsa ya rasu a ƙarshen yaƙi, ya tashi yana ƙaga wa uban jaruntaka iri-iri a zuciyarsa. Shi ne kuma ya yi kiɗan wani fim ɗin na Szabo, Szerelmesfilm, a 1970. Szabo ɗin nan shi ne daga baya ya ci lambar Oscar da fim ɗin Mephisto. A cikin shekarun 1970 Gonda ya jagoranci ƙungiya ta mutum shida, har da mawaƙi Tamas Berki, suka fitar da faifai mai suna Samanenek, watau "Waƙar Boka". Sunan yana nuni ne ga bokayen kakannin mutanen Hangare na can dā, kafin su taso daga gabas su zauna a Turai. Akwai hikima a nan, domin tsofaffin waƙoƙin ƙasar da Bartok da Kodaly suka tattara a kan sautuka biyar aka gina su, irin ginin da ake samu a waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka da na Afirka ta Yamma. Makaɗin Hangare da ya tono tushen nasa sai ya iske yana maƙwabtaka da na jaz. A 1974 aka ba Gonda lambar Erkel, ya kuma riƙe muƙamin mataimakin shugaban Ƙungiyar Jaz ta Duniya daga 1972 zuwa 1984.

Duk da haka, ba a cin biki biyu a rana guda. Awoyin da ya kashe a kan tsara manhaja da rubuta littattafai da zaman taro da jami'ai, awoyi ne da wani makaɗin zai kashe a kan fiyano. In ana lissafin gwanayen hannu na Hangare, sau da yawa sunayen waɗansu ake fara ambata. In kuwa ana zancen wanda ya gina gidan da gwanayen suka tashi a ciki, sunansa ne a gaba.

Adalci ne kuma a faɗi cewa ba duka ruwan ya bi ta magudanar makaranta ba. Gyorgy Szabados, wanda aka haifa a 1939 ya rasu a 2011, likita ne, a wajen wannan tsari ya gina kiɗansa. Ya kama hanyar jaz maras dabaibayi, ya cuɗa shi da tsohuwar waƙar ƙasarsa, ya ci gasa a San Sebastian ta ƙasar Sifen a 1972, ya kuma yi faifai tare da Anthony Braxton na Amurka. Mihaly Dresch, mabushin saksafon, ya yi karatu a sashen jaz, amma a wurin Szabados da kuma waƙoƙin ƙauyukan Transilbaniya ya samo muryar da aka san shi da ita. Wannan ya ƙarfafa hujjar masu suka, kuma kukan da ake yi a ƙasashe da yawa, cewa ɗaliban makarantun jaz sukan fito da hannu mai tsabta amma duk muryarsu ɗaya, kuka ne mai tushe. Akwai kuma masu ganin cewa duk kiɗan da ya karɓi ɗaki da albashi daga gwamnati ya riga ya sayar da rabin haƙoransa.

Sai dai mai wannan magana ya kamata ya duba abin da yake ɗaya gefen sikelin. A ƙasar da faifan Amurka yake wuyar samu, fita waje kuma sai da izini, yaron da ba ɗan gidan makaɗa ba ne, ba kuma ɗan babban birni ba, ina zai koya in babu aji? Ko Dresch da ya bar hanyar makaranta, da kayan aikin da ta ba shi ya tafi. Mai neman ya karya ƙa'ida da gangan, sai ya san ta tukuna.

Bayan faɗuwar gurguzu

Mulkin jam'iyya ɗaya ya ƙare a Hangare a 1989. A 1990 aka ɗaga darajar sashen jaz, ya shiga ƙarƙashin Babbar Makarantar Liszt, inda Gonda ya yi ɗalibta, watau kiɗan da aka hana shi rediyo ya sami kujera a gidan da ya fi kowanne daraja a ƙasar. A wannan shekara aka kafa Ƙungiyar Jaz ta Hangare, Gonda ne shugabanta na farko. Ya sauka daga shugabancin sashen wajen ƙarshen shekarun 1990. Daga cikin waɗanda suka riƙe kujerar bayansa akwai Karoly Binder, makaɗin fiyano, wanda a sashen ya yi karatu. Wani tsohon ɗalibin, Kalman Olah, wanda aka haifa a 1970, ya ci gasar tsara kiɗa ta Cibiyar Thelonious Monk a Amurka a 2006, shi ma kuma ya zama malami a makarantar. Kiɗan da aka tsinto daga gajeren zango ya koma ƙasar da ta haife shi ya ciwo kyauta.

Shi kuwa Gonda, a shekarunsa na girma hankalinsa ya zarce jaz ya koma kan tushen abin. A garin Tatabanya, wanda aka sani da haƙar kwal, yamma da Budapest, ya jagoranci sansanin koyon jaz da wata cibiya ta horar da malamai a kan koyar da kiɗa ta hanyar ƙirƙira. Ya rubuta jerin littattafai mai suna A rogtonzes vilaga, watau "Duniyar Ƙaga Kiɗa Nan Take". Manufarsa ita ce kowane mai koyon kiɗa, ko da ba zai taɓa zama makaɗin jaz ba, a ba shi dama tun yana ƙarami ya ƙaga nasa, kamar yadda ake barin yaro ya yi magana kafin a koya masa karatu. An kuma ba shi lambar Szechenyi, wadda bisa al'ada masana da masu bincike ake ba, ba makaɗa ba. Ƙasarsa ta auna shi ta ga inda nauyinsa ya fi rinjaye.

Tambayar da aka ɗauko tun farko ba ta da amsa guda, kuma har yanzu makaɗa suna gardama a kanta daga Boston har Budapest. Abin da rayuwar Gonda ta nuna shi ne sharaɗin da yake sa abin ya yiwu: malamin ya kasance makaɗi ne mai hawa dandamali da kansa, ɗan gado ya sami wuri kusa da ɗan boko, a kuma tuna kullum cewa ƙa'idar da ke kan allo daga hannun makaɗa aka ciro ta. Hausawa sun ce da koyo akan iya. Gonda ya yarda da haka a kan wani abu da mutane da yawa suka rantse ba ya koyuwa, ya kuma ba da shekara talatin da 'yan kai yana tabbatar da shi, aji bayan aji. Sashen da ya buɗe a 1965 yana nan a Babbar Makarantar Liszt, yana ɗaukar sababbin ɗalibai.